Wuƙa a Aji: Wani Fim na 1955 da Maganar Hana Fim ɗin Daba

A watan Maris na 1955 kamfanin MGM ya saki wani fim baƙi da fari mai tsawon minti 101, sunansa Blackboard Jungle. Kafin mai kallo ya ga fuskar kowa, wani rubutu ne ke fara hawa allo, yana yabon makarantun Amurka, yana kuma cewa an shirya fim ɗin ne don jama'a su farga da kangarewar matasa. Rubutun bai gama wucewa ba ganga ta fara bugawa, sai waƙar Rock Around the Clock ta Bill Haley ta ɓarke. Manya rubutun suka karanta, yara kuwa gangar suka ji. Duk rigimar da aka yi a kan fim ɗin daga baya tana ƙunshe a cikin wannan minti ɗaya na farko.

Na tono wannan tsohon fim ne saboda muhawarar da ake yi a Kano tun 2024, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta ce ta hana shirya fina-finan da ke nuna daba. Mutanen da suka yi murna da matakin ba wawaye ba ne. Wanda aka ƙwace wa waya da wuƙa a bakin titi, ko uwar da aka kawo mata gawar ɗanta bayan faɗan unguwa da unguwa, ba za ka zaunar da su kana yi musu lacca a kan 'yancin fasaha ba. Amma ra'ayina shi ne hana batun ɗungurungum kuskure ne. Abin da ya kamata a tace shi ne yadda aka nuna dabar, kuma wannan aiki ne da ake iya yi fitowa bayan fitowa, da agogo da biro a hannu. Amurkawa sun yi irin wannan gardama shekara 70 da suka wuce a kan Blackboard Jungle, kuma fim ɗin na nan, kowa na iya zama ya ga inda masu sukarsa suka yi gaskiya da inda suka bar jaki suna dukan taiki.

Labarin daga littafi aka ɗauko shi. Evan Hunter ne ya rubuta shi, ya fito a 1954. Hunter ya taɓa koyarwa a wata makarantar koyon sana'a da ke unguwar Bronx a birnin New York, kwana 17 kacal ya yi ya ajiye alli. Daga abin da ya gani a wannan ɗan zama ya gina littafin. Richard Brooks ne ya mayar da shi rubutun fim, shi ne kuma ya ba da umarni. Glenn Ford ya fito a matsayin Richard Dadier, tsohon sojan ruwa da ya samu aikin koyar da Turanci a wata makarantar sana'a ta maza zalla, matarsa na da juna biyu, aljihunsa ba nauyi. A ranarsa ta farko ya rubuta sunansa a allo, sai aka jefo ƙwallo daga baya ta fasa allon. Kafin ranar ta ƙare ya ceci wata malama da wani ɗalibi ya rutsa a ɗakin karatu. Ramuwar gayya ba ta daɗe ba: yaran suka tare shi a lungu da dare, shi da wani abokin aikinsa, suka yi musu lilis.

Yara biyu ne ke riƙe da ajin. Gregory Miller, wanda Sidney Poitier ya fito a madadinsa, baƙar fata ne, mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana aikin kanikanci bayan an tashi makaranta, kuma ya riga ya yanke hukuncin cewa karatu ba zai kai irinsa ko'ina ba. Artie West, wanda Vic Morrow ya fito a madadinsa a fim ɗinsa na farko, shi ne uban dabar ajin. Shi ke shirya fashin motar jarida, shi ke aika wa matar malamin wasiƙu marasa suna yana ce mata mijinta na neman wata, har tashin hankalin ya sa ta haihu kafin lokaci. Dadier ya daɗe yana zargin Miller da abin da West ke aikatawa, kuma fim ɗin bai ɓoye cewa launin fata na cikin dalilan wannan zargi ba. Akwai inda ransa ya ɓaci har kalmar wariya ta kusa kuɓuce masa, ya kama bakinsa da kunya. A tuna cewa watanni 10 kacal kafin fitowar fim ɗin, a 17 ga Mayu 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantun baƙaƙe da na farare ya saɓa wa tsarin mulki. Aji ɗaya mai ɗauke da baƙi da fari da ɗan Puerto Rico, kuma baƙar fatan ne mafi hankali a cikinsu, wannan kaɗai ya isa ya tayar wa wasu hankali a kudancin ƙasar. A Memphis da Atlanta masu tace fim sun hana nuna shi. Sun ce saboda rashin ɗa'a ne. Ni dai ban yarda wuƙa kaɗai suka gani ba, kuma wannan darasi ne a kan kowace hukumar tacewa: idan aka ba ta ikon hana batu, wata rana za ta hana abin da ya sosa mata rai ta laƙaba masa sunan tarbiyya.

Ƙurar ba a kudu ta tsaya ba. Jakadiyar Amurka a Italiya, Clare Boothe Luce, ta matsa har aka janye fim ɗin daga bikin fina-finai na Venice na 1955, don kada a ga tsiraicin ƙasarta a waje. Wani kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken laifukan yara, wanda a 1954 ya tasa littattafan zane a gaba, ya koma Los Angeles a watan Yunin 1955 ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver, kuma shugaban shirya fina-finai na MGM, Dore Schary, sai da ya je ya kare fim ɗin a gabansu. A Birtaniya hukumar tacewa ta ƙi shi da farko, sai da aka yanke wasu wurare sannan ta ba shi shaidar X, wadda a lokacin take nufin ɗan ƙasa da shekara 16 ba zai shiga ba. Duk da haka a wasu gidajen silima na Landan samari sun tashi suna rawa a tsakanin kujeru, wasu har suka farke kujerun. Me aka samu daga duk wannan hayaniya? Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 1 da 'yan kai ya dawo da sama da miliyan 8. Janyewar da aka yi masa a Venice talla ce da kuɗi ba za su iya saya ba.

To me yaran suka kwaikwaya? Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin nan ne masu goyon bayan hani suke da gaskiyarsu. Yaran sun ɗauki waƙar. An naɗe ta tun watan Afrilun 1954, aka sa ta a bayan faifai, ba ta yi wani tashe na a-zo-a-gani ba. Bayan fim ɗin, a watan Yulin 1955 ta hau matsayi na ɗaya a Amurka ta yi mako 8 a can. Sun ɗauki laƙabin tsokana da 'yan ajin suka manna wa malamin, wanda suka murɗo daga sunansa. Sun ɗauki tafiya, da tsayuwa, da yadda ake kallon babba ɗage. Ma'ana kwalliyar suka ɗauka. Wanda ya ce fim ba ya koya wa yaro komai, bai taɓa jin yaran unguwa suna kiran juna da sunan bos ɗin fim washegarin fitowarsa ba. Amma tsakanin kwaikwayon tafiya da soka wa mutum wuƙa akwai rata mai faɗi, kuma abin da ke cike wannan rata ba a allo ake samunsa ba. Kwamitin majalisar da na ambata an kafa shi ne tun 1953, shekara biyu kafin fim ɗin, don matsalar ta riga shi zuwa. Haka daba a Kano ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Tana da tushenta a farauta da tauri da gabar unguwanni da siyasa tun kafin a san kaset ɗin bidiyo.

Fim ɗin da kansa ya faɗi daga ina yaran suka fito, sai dai ba wanda ya tsaya ji. Wani ɗan sanda ya shaida wa Dadier cewa waɗannan yara suna 'yan shekara biyar zuwa shida lokacin yaƙi, uba yana fagen fama, uwa tana masana'antar makamai, sai shugaban daba ya maye gurbin iyaye. Wani tsohon malami da ya riga ya sare ya kira makarantar kwandon sharar tsarin ilimi, inda ake jibge yaran da sauran makarantu ba sa so, aikin malami kawai ya zauna a kan murfin. West kuwa, a fitowa mafi nauyi a duk fim ɗin, ya yi wa malamin lissafinsa dalla-dalla: nan da shekara guda za a kira shi soja, ya je a fasa masa kai, amma idan ya yi zaman gidan yari soja ba za su ɗauke shi ba, ga shi da ransa. Lissafin mugu ne, amma lissafi ne. Sai kuma wurin da Dadier ya zauna yana ƙirga albashi, malami dala 2 a awa, ƙasa da kafinta, ƙasa da mai gyaran famfo. Wannan ce tuhumar da fim ɗin ya shigar. Jakadiya da sanatoci da masu tacewa sun yi ta magana a kan wuƙa da ganga, dala 2 kuwa ba su ɗaga ta ba.

Akwai abin da mai son mayar da littafi fim ya kamata ya koya a nan, ko da bai damu da maganar hani ba. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim mai minti 101 bai wuce shafi ɗari da ɗoriya ba, shafukan ma ba cike suke ba. Littafi mai ɗaruruwan shafuka dole a zubar da mafi yawansa. Abin da ke fara zubewa shi ne tunanin zuci, domin kyamara ba ta ɗaukar tunani. Abin da ke saura shi ne aiki: duka, gudu, fashi, wuƙa. Shi ya sa kusan kullum fim ɗin da aka ciro daga littafin kangararrun yara yake fitowa ya fi littafin zafi ya kuma fi shi ƙarancin bayani, ba don darakta mugu ne ba. A littafi faɗa na iya zama shafi 2 cikin 30, sauran 28 ɗin tsoro ne da yunwa da nadama. A fim, idan marubuci ya yi sakaci, shafi 2 ɗin nan ne za su zama minti 5 masu kiɗa, 28 ɗin kuma su koma jimla ɗaya a bakin wani tsoho. Magani shi ne a nemo wa tunanin jiki, wato abin da ido zai gani. Brooks ya yi haka a wuri guda da ya fi kowane duka a fim ɗin ciwo. Malamin lissafi, Joshua Edwards, ya kawo faya-fayan garmahonsa na kiɗan jaz da ya shafe shekaru yana tarawa, yana fatan ya shiga zuciyar yaran ta hanyar kiɗa. Irin faifan nan ne na da, mai tarwatsewa kamar tangaran idan ya faɗi. Yaran suka yi ta jifa da su ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu. Ba digon jini ko ɗaya, amma duk wanda ya kalli mutumin nan durƙushe yana tsintar ɓaraguzai ba zai fita yana sha'awar West ba. Daga nan malamin ya bar aikin.

Wani sauyin kuma yana nuna wayon sana'a. A littafin, darasin da ya fara ratsa yaran wani gajeren labari ne da malamin ya karanta musu. Mutum na karatu a gaban aji ba abin kallo ba ne, sai Brooks ya musanya shi da majigi: malamin ya haska musu zanen tatsuniyar yaron da ya hau itacen wake ya sace dukiyar ƙato, sannan ya tambaye su ko yaron na da gaskiya. Nan take ajin da ba ya magana ya kaure da gardama a kan sata da haƙƙi. Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne inda ya shiga lallashin masu suka tun kafin su buɗe baki. An kai Dadier wata makaranta mai tsabta inda yara ke rera taken ƙasa, don a nuna ba duka aka lalace ba. Fitowar a sanyaye take, kowa na ganin ɗinkin, kuma ba ta hana a hana fim ɗin ba. Masu fim ɗinmu sun san irin wannan faci sarai: malamin da ake kawowa a minti biyar na ƙarshe ya yi wa'azi bayan an shafe awa biyu ana shagali. Yaro ba ya jin wannan wa'azin, domin ya riga ya san an gama fim.

Batun baƙi da fari ma ba ƙarancin kuɗi kaɗai ba ne. A 1955 fim mai launi ya riga ya wadata, a shekarar ce Rebel Without a Cause ya fito da launinsa da jar rigar jaruminsa James Dean. Amma mutanen lokacin a baƙi da fari suka saba ganin labaran majigi da hotunan jarida, don haka idonsu ya fi gaskata shi. Fina-finan da suka ci babbar kyautar Oscar na 1954 da 1955, On the Waterfront da Marty, duk baƙi da fari ne. Russell Harlan, wanda ya ɗauki Blackboard Jungle, ya shiga takarar Oscar da wannan aiki, ɗaya daga cikin takara 4 da fim ɗin ya samu. Abin da rashin launi ke yi wa labarin daba shi ne yana kwaɓe masa ado. Jini baƙi yake fitowa kamar baƙin mai, tufafin bos ba sa ƙyalli, bangon makaranta da fuskar yaro duk sukan koma toka-toka. Kwatanta da jar rigar can, wadda har yau ake sayar da irinta.

Sai dai kada wani ya ɗauka cire launi a kwamfuta bayan an gama ɗauka shi ne baƙi da fari. Abin da ke fitowa daga nan dambun toka ne. Ja da kore masu nauyi ɗaya sukan koma toka iri ɗaya, sai ka ga jar hula ta narke a cikin koren bango. Dole a gwada kowace riga da kowane bango a kyamara kafin ranar ɗauka. Tunda ba launin da zai raba mutum da bayansa, haske ne ke wannan aiki. Ana sa babbar fitila a gefe ɗaya, ƙarama a ɗaya gefen don ta rage inuwa, sai ta uku a baya sama da kai don ta zana gefen kafaɗa da kunne. A fitowar aji da rana, gefen fuska mai haske bai kamata ya wuce ninki 2 na gefen inuwa ba. A lungu da dare ana kai shi ninki 8 ko fiye, rabin fuska ya nutse. Ga masu baƙar fata fitilar baya ba ta da makawa: ka tsayar da yaro baƙi a gaban baƙin allo ba tare da ita ba, idanu da haƙora kawai za ka samu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe kyamara sosai don fuska ta fito, sai farar riga da taga su ƙone su zama fari fat. Gyaran shi ne a ƙara wa fuskar haske, a sauya farar rigar da mai ruwan toka.

Na kawo wannan dalla-dalla ne don in nuna cewa ɗaukaka ɗan daba ko ƙasƙantar da shi ba a cikin batun yake ba, a cikin irin waɗannan zaɓuɓɓuka yake, kuma ana iya ƙirga su. Mai tacewa da ya san aikinsa zai tambayi inda kyamara take lokacin da bos ya shigo. Idan tana ƙasa tana kallonsa sama, an rage gudun hoton, kiɗa na tashi, yaransa na yi masa kirari, to an naɗa masa rawani ko da za a kashe shi a ƙarshe. Zai tambayi wa kyamara ta bi bayan an yi sara: wanda ya yi saran yana tafiya cikin isa, ko wanda aka sara, da asibiti, da kuɗin jini, da uwarsa a bakin ƙofa? Zai ɗauki agogo ya auna minti nawa aka ba shagali, minti nawa aka ba sakamako. Zai duba wa aka ba kalamai masu daɗin maimaitawa, domin su ne za su shiga bakin yara. Zai yanke duk abin da ya zama darasin aiki, kamar yadda ake haɗa kayan maye ko inda ake ɓoye makami a jiki, domin labari ba ya buƙatar wannan. Sannan ya sa shekarun masu kallo. Mafi arha duka shi ne a yi wannan tun a rubuce, kafin furodusa ya kashe kuɗinsa, lokacin da gyara bai wuce goge layi ba.

Akwai hujja ɗaya da ta fi sauran ƙarfi a wajen masu son hani, kuma ba ta kasance a 1955 ba. A da sai ka sayi tikiti ka zauna daga farko har ƙarshe, ka ga wuƙar ka kuma ga abin da ta jawo. Yau yaro zai yanko daƙiƙa 30 na shigowar bos, ya ɗora masa kiɗa, ya watsa a TikTok, sakamakon kuwa ya bar shi a cikin fim. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a tsananta wa irin fitowar da ake iya yankowa, wato ainihin mai rawani da kirari. Fitowar fasa faya-fayai ba mai yanko ta ya yi taƙama. Kuma hanin jiha ɗaya ba ya rufe YouTube. Wanda hanin ke kamawa shi ne mai rajista, mai ofis, mai sunan da yake tsoron ɓatawa, wato wanda da ma za a iya zama da shi a gyara rubutu. Wanda ba ya tsoron kowa zai tsallaka wata jiha ya ɗauka ya ɗora, ba tare da ido ɗaya ya duba masa ba. Yaranmu kuma suna nan suna kallon daba ta Indiya da ta Amurka da aka fassara musu da Hausa, inda ba uwar kowa da ke kuka da harshen da suka sani.

Ba zan wanke Blackboard Jungle tas ba. Babban laifinsa a wurina ba wuƙar ba ce, yadda ya rabu da mai wuƙar ne. A ƙarshe West ya zare wuƙa a aji ya yanki malamin a hannu, yana jiran yaransa su taso, ba wanda ya motsa sai guda ɗaya. Miller ya tare wannan ɗayan, wani yaro ya danne shi a bango da sandar tutar Amurka, wani ya karya wuƙar. Dadier ya tasa ƙeyar su biyun zuwa ofishin shugaban makaranta, ajin ya samu lafiya, shi da Miller suka yi alkawarin ba mai barin makarantar. An yi maganin matsala ta hanyar cire wake ɗaya da ke ɓata gari. To amma fim ɗin da bakinsa ya gaya mana yaƙi da talauci da kwandon shara ne suka ƙera West, kuma ko ɗaya cikinsu ba a taɓa ba. Gidansu ma ba a taɓa kai mu ba, ba mu ga wa ya haife shi ba, ba mu ga inda yake kwana ba. Brooks ya tsaya a gefen malami daga farko har ƙarshe, shi ya sa yaron ya zama dodo maimakon ɗan wani. Mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya kamata fim ɗinmu ya wuce nan. A lura kuma da shekarun 'yan wasan: Poitier yana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito, Morrow 26. Idan ƙato mai gemu ya fito a ɗan sakandare, mai kallo tsoronsa yake ji, ba tausayi ba. Ka sa ainihin ɗan shekara 16 riƙe da wuƙa, da siraran hannuwansa da muryar da ba ta gama buɗewa ba, ka ga yadda ɗakin kallo zai yi tsit.

Misalan abin da nunawa ke iya yi ba sai an je Amurka ba. A 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da fim a kan shan kodin a Najeriya, har da matasan Kano ɗaure da mari a gidan gyaran hali. Abin ba daɗin gani, kuma an ji masu cewa an tona mana asiri. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A Nijar, Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da ƙungiyoyin samarin da garin ke tsoro, ta fito da fim ɗin Zinder a 2021. Ta nuna tabon wuƙa a jikinsu, da fasa-ƙwaurin fetur, da rashin takardar makaranta, da Hausar bakinsu. Da dokar hana nuna daba ce ke aiki a can, da wannan fim bai samu ba. Shi kansa Blackboard Jungle, wanda jakadiya ta ji kunyar a gani, a 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya shigar da shi rajistar fina-finan da ƙasar ke adanawa.

Akwai kuma mutumin da hanin ya fi yi wa rana, wanda ba a cika ambata ba. Fim ɗin daba na gaskiya a Arewa ba zai tsaya a kan yaro da wuƙarsa ba. Dole ya nuna ajin da yara suka cika har bakin taga suna zaune a ƙasa, a jihar Kano, inda ita kanta gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Dole ya nuna mai sayar da ƙwaya da kowa a unguwa ya san shagonsa. Dole kuma ya nuna motar nan mai baƙin gilashi da ke tsayawa a bakin lungu idan zaɓe ya matso, da wanda ke miƙo kuɗi daga ciki, da wayar da ake bugawa ofishin 'yan sanda a sako yaro kafin gari ya waye. Tun 2007 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan siyasa suka yi renon 'yan kalare a Gombe, kuma mai zama a Kano ko Bauchi ko Kaduna ba ya buƙatar rahoto kafin ya san sunan nasu. Fina-finan dabar da aka yi zuwa yanzu yawancinsu ba su kai ga wannan mota ba, a kirari da sara suka tsaya, shi ya sa ba na kuka da rashinsu. Amma dokar da ta hana su ta haɗa har da wanda zai zo ya buɗe ƙofar motar.